Rufin Asiri Daban, Ɓoye Cuta Daban

 

Maganar da za mu yi a wannan mako tana da nauyin faɗi, kuma na san waɗansu masu karatu za su ce bai kamata a kawo ta a wannan fili ba. To, su yi mini afuwa. Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina domin kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, ko da kuwa abin ya shafi jini ne da wanka da shimfiɗa. In mata sun tambaya a gaban Annabi, ba mu da hujjar yin shiru a gaban jarida.

A farkon daminar da ta wuce na kai ziyara wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, daidai lokacin da 'yan cin rani suke komowa gida domin shuka. Bayan mun idar da sallar Magariba, sai wani magidanci ya tsaya har kowa ya watse, sa'an nan ya matso ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya, amma ta wani abokina ce." Na ce masa, "To, madalla, faɗi abin da ya sami abokin naka." Ya ce abokin nasa ya yi wata biyar a Ikko yana sana'a, kuma mako guda kafin ya taso Shaiɗan ya rinjaye shi sau ɗaya tak. Ya yi nadama, ya yi kuka, ya tuba. Matansa biyu ne, kuma amaryar tana da ciki. Ya ji malamai suna cewa wanda Allah ya rufa wa asiri kada ya tona wa kansa. To, shi ke nan ya shiga ɗakin iyalinsa kamar ba abin da ya faru?

Ban tambaye shi sunan abokin ba, shi ma bai faɗa ba. Amma tambayar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa na kawo ta nan.

Abu na farko, abin da ya ji daga malamai gaskiya ne. Zina babban zunubi ce, Alƙur'ani ya hana ko kusantarta a cikin Suratul Isra'i, amma wanda ya afka mata ba a umarce shi ya je ya yi shela ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya nuna cewa wanda ya taɓa irin wannan ƙazanta ya lulluɓe kansa da suturar Allah, ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa. Ba wajibi ba ne ya gaya wa matarsa, ko mahaifinsa, ko limamin garinsu. Ƙofar tuba a buɗe take, kuma babu mai ikon rufe ta.

Amma fa akwai abin da tuba ba ta taɓawa. In mutum ya saci akuya ya tuba, sai ya mayar da akuyar, domin haƙƙin bayi ba ya faɗuwa da istigfari. Haka nan in ƙwayar cuta ta shiga jinin mutum a daren da ya yi saɓo, hawayen nadama ba za su fitar da ita ba. Zunubin nasa ne shi kaɗai, yana da damar ya ɓoye shi. Cutar kuwa, da zarar ya shiga ɗakin matarsa ta zama tasu su biyu, in ya kewaya ɗakin kishiya ta zama tasu su uku, in akwai ciki ta zama ta wanda bai zo duniya ba tukuna. Mace ta miƙa masa jikinta bisa amana, da sadaki da shaidu, ba ta sa hannu a kan ɗaukar abin da ya kwaso a wata uwa duniya ba. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda ita ma tana cikin Muwaɗɗa, tana daga cikin ginshiƙan da malaman fiƙihu suka gina hukunce-hukunce masu yawa a kansu. Wanda ya haɗa rufin asiri da ɓoye cuta ya ɗauki rahamar da Allah ya yi masa ya mayar da ita makamin zaluntar wani.

Sai mutumin ya ce, "Allah gafarta Malam, ai abokin nawa lafiyarsa ƙalau, ba ya jin komai." A nan ne mutanenmu da yawa suke ruɗuwa, don haka bari mu ɗan tsaya.

Ciwon sanyi, wanda kowa ya sani, yakan nuna kansa ga namiji cikin 'yan kwanaki, da zafin fitsari da fitar ruwa kamar mugunya. Amma ga mace sau da yawa ba ya nuna komai. Yana nan yana hawa a hankali har ya toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Shekara ta yi, biyu ta yi, ba haihuwa, sai dangin miji su fara cewa juya ce, ko an yi mata sammu, ko tana da iska. A kai ta gidan wannan mai magani, a kai ta gidan wancan, daga ƙarshe a yi mata kishiya ko a sake ta, alhali wanda ya kawo mata abin yana zaune a zaure yana jan carbi. In kuwa ta haihu da ciwon a jikinta, yana iya kama idon jariri har ya makantar da shi. Tunjere kuma ya fi wannan wayo. Yakan fito da ɗan gyambo marar zafi kamar mako 3 bayan saduwa, ya warke da kansa, mutum ya ce ai ya wuce, alhali ya shige cikin jini ne. Shi ne yake sa ɓari a kai a kai da haihuwar ɗa ba rai, kuma bayan shekaru yana iya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Abin takaicin shi ne allurar fenisilin tana kashe shi sarai in an gano shi da wuri. Ciwon hanta nau'in B yana zama shekaru a jiki ba alama. Ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986, ita ma mutum yana iya ɗauke da ita shekara da shekaru yana noma yana tallar ƙarfinsa. Babban binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ita sun kai kimanin miliyan 1.9. Saboda haka "ba na jin komai" ba shaida ba ce. Shaida ita ce gwaji.

Gwajin ma yana da lokacinsa, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Wanda ya je asibiti washegarin abin da ya faru aka ce masa jininsa lafiya, kada ya yi murna tukuna, domin jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya nuna alamar da na'ura ke gani. Irin gwajin nan na ɗigon jini daga yatsa, wanda ake yi a yawancin asibitocinmu, yana iya ɗaukar har kwana 90 kafin ya kama ƙwayar ƙanjamau. Gwajin tunjere ma yana bukatar makonni. Don haka likitoci suke cewa a zo da wuri a duba, a kuma komo bayan wata 3 a maimaita. Sai dai akwai abu guda da ba ya jira. In mutum ya isa asibiti cikin awa 72, watau kwana 3, akwai maganin da ake ba shi ya sha na kwana 28 wanda yake hana ƙwayar ƙanjamau kafuwa a jiki, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon amfaninsa. Abokin mai tambayarmu ya riga ya wuce wannan wa'adi. Amma ina roƙon iyaye da masu unguwanni su san da shi saboda yaran da ake yi wa fyaɗe. Yarinyar da aka tilasta ba ta da zunubi ko ƙwayar zarra, shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda aka tilasta. Kwana ukun da ake ɓatawa ana shawarar yadda za a rufe maganar don kada a ji a gari, su ne kwana ukun da za a iya ceton lafiyarta da su.

To, yaya magidanci zai yi wata 3 a cikin gidansa yana jira ba tare da ya tona wa kansa asiri ba? Na gaya wa mai tambaya cewa fiƙihu bai ƙuntata masa ba. Rabon kwana da malamanmu na Malikiyya suka wajabta tsakanin mata rabon kwanan ɗaki ne, ba su ce dole sai an sadu a kowane dare ba. Ya kwana inda kwana ya kai shi, ya yi hira, ya kyautata. Yana iya gaya musu gaskiyar da ba ta tona shi ba, ya ce ya dawo daga tafiya, yana son a duba lafiyarsa, ma'aikacin asibiti ya ce ya dakata sai sakamako ya fito. Babu ƙarya a cikin wannan. In haƙuri ya gagara, akwai kwaroron roba, wanda malamai da yawa suka yi ƙiyasinsa a kan azalu, watau zubar da maniyyi a waje, abin da sahabbai suka yi a zamanin Annabi, kuma Malikiyya suka halatta da yardar matar. In ya halatta don tazarar haihuwa, to, don kare rai ya fi cancanta.

In kuwa sakamako ya nuna akwai cuta, a nan shiru ya ƙare. Ba sai ya faɗi inda ya samo ta ba, amma dole ya faɗi cewa yana da ita. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta yanke a zamanta na Burunai a 1993 cewa wajibi ne wanda ya kamu da ƙanjamau cikin ma'aurata ya sanar da ɗayan, su haɗa kai wajen kariya. A zamanta na Abu Dabi a 1995 kuma ta haramta yaɗa cutar da gangan, ta ce babu dalilin ware mai ita daga jama'a tun da ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko gaisawa. Ko ciwon sanyi ne ma, maganin mutum ɗaya a gida mai mata biyu ko uku aikin banza ne. Miji ya warke yau, ya sake ɗauka jibi daga wadda shi ya shafa wa. Sai an yi wa kowa magani a lokaci guda.

Bari in yi tsokaci a kan maganin kansa. Ranar Lahadi, in kasuwar Ɗambatta ta cika, ba za ka rasa mai mota da amsa-kuwwa yana tallar maganin sanyi kowane iri, na maza da na mata, na gado da na masai, a kwalba ɗaya ba. Wani kuma kemis zai shiga ya sayi kafso huɗu, ya sha, zafin fitsari ya lafa, ya ce ya warke. Wannan shan magani rabi da rabi shi ne ya koya wa ƙwayar ciwon sanyi taurin kai. Tun 1976 likitoci suka gano irin da fenisilin ba ya kashewa, kuma daga lokacin zuwa yau ta bijire wa magunguna da dama bi da bi. Maganar cewa a masai ake ɗaukar ciwon sanyi kuwa, na san ta rufa wa mutane da yawa asiri, amma ba ta warkar da kowa ba. Akwai babban asibiti a Ɗambatta, akwai a Bichi, akwai ƙananan asibitoci a garuruwan Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Minjibir, wanda kuma yake jin nauyin a gan shi a garinsu, motar Kano ba ta yanke ba. Gwajin ƙanjamau da maganinta kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati da aka tanada domin haka. Mai shan maganin nan kullum bisa ƙa'ida yana rayuwa kamar kowa, ƙwayar takan ragu a jininsa har ta kai ba ya shafa wa matarsa, mai ciki kuma in ta sha tana haihuwar ɗa lafiyayye. Shi ya sa awon ciki ba gayu ba ne.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta masu saɓo ce kaɗai. Sabuwar shimfiɗa ta halal ma tana da nata haɗari. Ƙasarmu ta arewacin Kano ƙasa ce mai cunkoso, gona tana jingine da gona, daga wannan ƙauye kana hango rimin wancan, kuma aure ya ɗinke garuruwan nan kamar zaren saƙa. Mutum ya saki mace a nan, bayan idda ta yi aure a ƙauyen gaba, shi kuma ya auro bazawara daga na bayansa. Kowannensu mutumin kirki ne, kowane aure an ɗaura shi bisa sunna, amma in mutum ɗaya a cikin wannan sarƙa yana ɗauke da cuta bai sani ba, cikin shekara goma sai ta zaga gidaje biyar ba wanda ya yi zina. Allah ya wajabta wa mace idda, tsarki uku ga wadda aka saka, wata huɗu da kwana goma ga mai takaba, kuma daga cikin hikimarta akwai tabbatar da cewa mahaifa ba komai. Idda ba gwajin jini ba ce, kada wani ya ce na faɗi haka. Sai dai tsawonta yakan yi kusa da lokacin da gwaji yake bukata. Namiji kuwa ba shi da idda, yana iya ɗaura aure ran da ya sauka daga mota. Wannan sauƙi da shari'a ta yi masa nauyi ne a wuyansa.

Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta daɗe da gane haka, domin tun da ta fara auren zawarawa a 2012 take sa a gwada ango da amarya kafin a ɗaura. A watan Mayu na 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a jihar baki ɗaya, na ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da rukunin jinin da ke jawo sikila, tare da tanadin tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Waɗansu sun ce wannan bidi'a ce, iyayenmu ba su yi ba. To, su duba Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure tun muna yara, za su tarar an ba da damar warware aure saboda hauka da kuturta da albaras da ciwon al'aura. Malaman da suka ba da damar warware aure saboda aibin da aka ɓoye, yaya za su ƙi a bincika aibin tun kafin a ɗaura? Masu cewa gwaji rashin tawakkali ne kuma, su tuna Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can. Da Abu Ubaida ya yi masa maganar ƙaddara, sai ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Annabi da kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwama su da masu lafiya a wurin shan ruwa. In an kiyaye wa raƙumi wannan haƙƙi, 'yar mutum fa?

Abin da nake tsoro game da dokar shi ne ta zama takarda kawai. Wanda ya ba da kuɗi aka rubuta masa sakamakon da ba a gwada ba, ko ya tura ƙaninsa a ɗebi jini da sunansa, ya tuna da mai sayar da hatsin nan da Annabi ya cusa hannu cikin tsibinsa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya kuma barranta daga mai algus. Ɗan kasuwar Dawanau ya san hukuncin wanda ya zuba tsakuwa a gindin buhu. Algus a buhun dawa asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Waliyyi da liman su ma abin ya shafe su, domin wanda ya san takardar bogi ce ya ɗaura, ya yi tarayya a cikin abin da zai biyo baya.

Saura kashedi ga sauran jama'a, mu da muke zaune a dandali da bakin masallaci. Cuta ba shaidar zina ba ce. Ana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau ta askar wanzami da ƙahonsa in ba a tsabtace su ba, ta allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, ta haihuwa, ta auren halal kamar yadda muka gani. Suratun Nur ta nemi shaidu huɗu, ta kuma yanke bulala 80 ga wanda ya yi wa kamammiya ƙazafi bai kawo su ba. Takardar asibiti ba ta cikin shaidun nan huɗu. Sau da yawa mace ce ake fara ganowa, domin ita ke zuwa awo, sai miji ya hau ta da zargi ya kore ta, alhali shi bai taɓa miƙa yatsarsa an gwada ba. Bakinmu ne yake hana mutane zuwa asibiti. Ma'aikacin lafiya da ya ga sakamakon mutum ya kai shi teburin mai shayi ya ci amana, kuma duk wanda ya ƙi zuwa gwaji saboda tsoron bakinsa, yana da kaso a cikin alhakinsa.

Mai tambayata ya yi shiru wani lokaci, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, in abokin nawa ya je asibitin, me zai ce musu?" Na ce ya gaya wa ma'aikacin ranar da abin ya faru, domin da ita za a lissafa lokacin gwaji, ya nemi a duba shi ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta da ciwon sanyi, ya kuma tambayi ranar da zai komo. Na ce amaryar mai ciki kuma a kai ta awo cikin makon nan, kada a jira nasa sakamakon. Ya ce ranar Lahadi in ya kai akuyarsa kasuwa zai raka abokin nasa. Aka kira Lisha, muka tashi muka shiga sahu.